Yadda ake riƙe ƙa'idar 'yan'uwa a Kumasi alhali kowa na gidansa

'Yan ƙungiyar Waliyyi Faransis ta masu iyali, wadda Fafaroma Paul na 6 ya amince da ƙa'idarta, wato tsarin rayuwar da suke bi, a 1978, suna aure, suna kasuwa, kowa a unguwarsa, amma alkawari ɗaya ya ɗaure su.

Fara da rubuta abin da za ka iya a shafi guda: addu'ar safe da ta yamma, Zabura ɗaya, Linjilar ranar. Minti 15 ya isa. Wanda ya ɗora wa kansa awa biyu, kafin wata ya ƙare ya watsar. In kana buɗe shago a kasuwar Kejetia, yi addu'arka kafin ka hau trotro, wato motar haya. A Aboabo ko Asawase, kiran sallar asuba na maƙwabta ma zai tashe ka. Kuma ka shawarci uwargida tun farko, don lokacinta ne kake ɗiba.

Taron 'yan'uwa na wata-wata kada ya faɗo Asabar, ranar jana'iza ce a nan, rabin mutane ba za su zo ba. Lahadi bayan sujada ta fi. Wanda ba a gani ba sau biyu, a taka har gidansa, WhatsApp bai wadatar ba. Sau da yawa rashin kuɗin mota ne, kunya ta hana shi faɗa.