Yadda Za Ka Haɗa Wasa Ƙwaƙwalwa da Kalmomin 'Yan Sanda

Da farko ka samu takarda mai gida-gida da fensir, ka tara kalmomin caji ofis: kurtu, kofur, saje, sufeto, kulki, ankwa, beli, sintiri.

Sai ka ƙirga haruffan kowace. Tun a nan ka yanke hukunci ko "kw" gida ɗaya za ta ci ko biyu, kuma ka tsaya a kan hakan har ƙarshe. Kada ka haɗa k da ƙ a gida ɗaya, domin haruffa ne daban.

Daga nan ka sarƙa su. Rubuta ANKWA a kwance, "kw" ta ci gida biyu, sai KULKI ta sauko daga K ɗin da ke gida na uku. SUFETO da SAJE kuwa su haɗu a S.

Yanzu sai tambayoyi, inda daɗin yake; lambar da ke ƙarshen kowace ita ce yawan haruffan amsar. Nemi kalma mai ma'ana biyu. Ni dai saje ta fi burge ni: "Igiya uku a hannun riga, gashi a gefen kunci (4)." Doka ma haka take, sunan itace ce, sunan kitso ce, kuma daga ita aka samu 'yan dokan En'e, wato 'yan sandan hukumar gargajiya na da. Sai ka ce, "Itace a daji, kitso a ka, wanda ya karya ta sai kotu (4)." Ta ankwa ba wuya: "Awarwaron da ba mai son sawa (5)."

Kafin ka fitar, ba wani ya gwada. Duk tambayar da ta karɓi amsa biyu, sake ta.