Yadda Ake Dawo da Asusun Gmail Idan An Manta Kalmar Sirri

Kuskuren da na fi gani a wurin waɗanda suka manta kalmar sirrin Gmail shi ne garzayawa wurin mai gyara a yi wa wayar filashin. Tun daga Android 5.1, wayar da aka goge ta haka ba ta buɗewa sai an saka mata asusun Google ɗin da yake kanta a da, tare da kalmar sirrinsa, wato ainihin abin da aka manta. Saboda haka, matuƙar asusun yana buɗe a wayarka, kada ka goge ta, kada kuma ka cire shi, domin ita ce babbar shaidarka a wurin Google.

Kafin komai, ka duba wurin da Chrome yake adana kalmomin sirri a cikin saitinsa, domin wani lokaci kalmar tana nan, makullin allon waya kaɗai za a nema kafin a nuna maka ita. Idan ba ta nan, ka buɗe g.co/recover, ka rubuta adireshin imel ɗinka. Ka yi wannan a wayar da ka saba shiga asusun da ita, a gida ko wurin aikin da ka saba, domin Google yana lura da na'ura da kuma wurin da buƙatar ta fito. Ni dai ban yarda a je shagon intanet don wannan aiki ba, ga kashe kuɗi, ga baƙuwar kwamfuta da ke ƙara wa Google shakku. Idan an tambaye ka kalmar sirri ta ƙarshe da kake tunawa, ka rubuta ko da tsohuwa ce, kada ka tsallake.

Inda mafi yawan mutane suke maƙalewa shi ne lambar tantancewa mai alƙaluma 6 da ake turowa ta saƙon tes. Shafin zai nuna maka alƙaluma biyun ƙarshe na layin da za a tura wa, sai ka dube su da kyau. Sau da yawa layin ba na mai asusun ba ne, na yaron shagon da ya buɗe masa asusun ranar da ya sayi waya ne, ko kuma tsohon layi ne da aka yasar har kamfani ya sake ba wani. Idan layinka ne ya ɓace, ka dakata, ka je ofishin kamfanin layin da lambarka ta NIN a dawo maka da shi tukuna. Idan na wani ne da ka sani, ka je ka same shi, a turo lambar kana wurin. Idan duka biyun sun gagara, ka zaɓi gwada wata hanya, wataƙila a tura lambar zuwa imel na biyu, ko tambayar amincewa ta fito a allon wayarka. Duk wanda ya kira ka da sunan ma'aikacin Google yana neman lambar nan, ɗan damfara ne.

Da zarar an amince, sai ka saka sabuwar kalma mai haruffa 8 ko fiye, ka shiga sashen tsaro ka maye gurbin tsohon layin da naka, sannan ka rubuta kalmar a littafin da ba ya barin gida.