Yadda za ka duba birkin baya na tsohuwar mota mai dirom

Masu tsofaffin Fijo 504 a-kori-kura a Gusau sun dame ni da tambaya kan birkin baya mai ƙara ko riƙe taya. Ga yadda nake yi:

1. Ajiye motar a wuri mai daidai, ka sa giya ta ɗaya.
2. Tare tayoyin gaba da dutse.
3. Sassauta notunan taya.
4. Ɗaga motar da jak, ka tokare ta da ƙarfe ko kututture. Kada ka yarda da jak shi kaɗai!
5. Cire taya.
6. Sauke hambirki, in ba haka ba dirom, wato ƙarfen nan mai kamar kwano da ke bayan taya, ba zai fito ba.
7. Zare dirom. In tsatsa ta kama shi, ɗan bubbuga gefensa da guduma a hankali.

Hattara: kada kowa ya taka birki alhali dirom na waje, fistin ɗin silinda, wato ƙaramin gwangwanin man birki da ke cikin dirom, zai fito. Na ga yaron gareji ya yi haka, man birki ya malale ƙasa.

8. Goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ka hura ta, tsohon lainin, wato shimfiɗar da ke goga dirom in an taka birki, kan ƙunshi sinadarin asbestos, yana cutar da huhu.
9. Ɗaga robar silinda. In da danshin mai, canja silindar.
10. Duba lainin. In ya kusa milimita 2 ko ya sha mai, canja na tayoyin biyu tare.
11. Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa sifirin ɗin da ke riƙe lainin, nan ake rikicewa.
12. Mayar da komai, in ka canja silinda ka fitar da iskar da ta shiga bututun man birki.
13. Gwada birkin a hankali cikin layi kafin ka hau hanyar Talata Mafara.