Yadda Ake Binciken Shan Wutar Lantarki a Gida: Jagora ga Masu Koyon Aikin a Kaduna

Tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawan awowi, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, magidanta a Kaduna suka fara neman wanda zai zo ya nuna musu abin da ke cinye musu kati. Ga kuma fetur da ya yi tsada tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, har injin janareta ya zama ba a tayar da shi sai dole. Wannan ya sa matasa da dama suka shigo aikin binciken shan wuta a gidaje, wasu sun karanci lantarki a Kaduna Polytechnic, wasu kuma yaran shagon masu haɗa sola ne. Na sha ganin yadda sababbin shiga ke yi: su shiga gida da biro da littafi, su kwafe lambar wat da ke jikin kowace na'ura, su ninka da awowin da aka faɗa musu, sannan su ce wa maigida ya canza ƙwayayen lantarki. Bayan wata guda kati ya ƙare a ranar da ya saba ƙarewa, kuma daga nan ba a sake kiransu. Abin da suka tsallake shi ne daidaita lissafinsu da abin da mita ta nuna, kuma a kan wannan zan fi tsayawa.

Matakin farko yana farawa ne kafin ka taka ƙofar gidan. Ka roƙi maigida ya tattaro maka rasit ko saƙonnin sayen kati na aƙalla wata uku, in da hali wata shida, domin abin da gida ke sha a tsananin zafin Maris da Afrilu ba shi ne abin da yake sha a hunturu ko a damina ba. Ka rubuta adadin yunit, kada ka rubuta naira, saboda farashi yana canzawa, wani lokaci kuma akan cire tsohon bashi daga kuɗin da aka saya. Ka kuma tambayi awa nawa ake samun wuta a rana. A ƙa'ida, 'yan Band A suna da alkawarin awa 20, Band B awa 16, Band C awa 12, Band D awa 8, Band E kuma awa 4, amma abin da mutanen gidan suka shaida da idonsu shi za ka yi aiki da shi. Idan gidan ba shi da mita, bil na ƙiyasi ake kawo musu, to ka gaya wa maigida gaskiya tun da wuri cewa sauƙin da zai samu a man janareta da batir ne kawai.

Kayan aiki ba su da yawa. Kana buƙatar mitar maƙalawa, wadda ake rungumo waya da bakinta a auna amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta cikin wayar, da ƙaramar mitar soket, wadda ake jona na'ura a jikinta ta nuna yunit ɗin da ta sha, guda biyu ko uku, da ma'aunin zafi mai kama da bindiga irin wanda aka riƙa amfani da shi a ƙofar asibitoci lokacin korona, amma na masu aikin injin wanda ke auna zafin bango da ƙarfe, sai tocila da agogon wayarka. Ban ga dalilin da zai sa mai farawa ya ci bashi ya sayi kyamarar hoton zafi ba. Kuɗinta zai saya maka mitar soket da yawa, kuma su ne za su yi maka aikin.

Idan ka isa gidan, ka yi sallama, ka jira a ba ka izinin shiga ciki, kuma kada ka zagaya ɗakunan iyali sai da rakiyar maigida ko babban ɗansa. Amma ka sani cewa maigida ba shi ne ya san yadda ake amfani da wuta a gidansa ba, domin ya fita tun safe. Ka nemi alfarma a tambayar maka uwargida, ko ka tafi da abokiyar aiki mace idan kana da ita. Ka ce, “Hajiya, don Allah sau nawa ake jona hita a rana, kuma wa ke yin guga?” A nan za ka ji cewa yara biyar kowa na dafa ruwan wankansa daban da asuba, cewa ana yin ƙanƙara ta sayarwa a firiza, ko ana dafa wake a risho na lantarki duk ranar da aka kawo wuta. Duk abin da ke haifar da zafi, wato dutsen guga, hita da rishon lantarki, galibi yana shan wat 1,000 zuwa sama, kuma awa guda ta wat 1,000 ita ce yunit ɗaya.

Yanzu sai babban aikin, wato gwajin mita. Kada ka taɓa hatimin mita, kada ka buɗe ta, wannan laifi ne kuma ba aikinka ba ne. Abin da kake buƙata yana fuskarta. Akwai 'yar jar fitila da ke ƙiftawa, kusa da ita kuma an rubuta adadin ƙiftawar da ke yin yunit ɗaya, misali 1000 imp/kWh. A irin wannan mita, idan fitilar ta ƙifta sau 10 a minti ɗaya, gidan yana shan wat 600 a wannan lokacin. Idan lambar mitar daban ce, sai ka gyara lissafin daidai da ita. Ka fara ƙirgawa gidan yana yadda ka same shi. Sannan ka sa a kashe komai daga soket, har da dikoda da caja da sitabilaiza, ka koma gaban mita ka tsaya minti biyar cikakku. Idan har yanzu tana ƙiftawa, akwai abin da ba a nuna maka ba. Sai ka je akwatin bireka, ka riƙa sauke su ɗaya bayan ɗaya har ƙiftawar ta tsaya, ka bi wannan layin har ƙarshensa. Sau da yawa yakan kai ka shagon ƙofar gida, ko ɗakin samari, ko injin sumo da ke jan ruwa tanki yana ta ambaliya a bayan gida ba wanda ya kula.

Na taɓa yin wannan kuskuren a wani gida a Unguwar Rimi a farkon shigata aikin. Lissafin littafina ya ba ni kusan yunit 14 a rana, rasit kuma yana nuna kusan 20. Maimakon in nemi inda shidan suka shiga, sai na ɗora laifin a kan tsohuwar firiza, na ba Alhaji shawarar ya sayi sabuwa, ya kuma saya. Kati bai canza ba. Da na koma na yi gwajin bireka, sai layin ya kai ni wani ƙaramin ɗaki ƙarƙashin bene, inda inbata ke zaune da batura huɗu masu 200Ah, fankarta tana ta huci. Kowane batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗaukar kusan yunit 2.4, huɗu sun kama 9.6, kuma idan aka sha rabinsu da dare, da zarar an kawo wuta sai inbata ta maido da wannan rabin daga mita, har da ƙarin abin da ke ɓacewa ya zama zafi wajen caji. Mutanen gidan suna ɗaukar wutar inbata a matsayin kyauta, shi ya sa suke barin fanka da talabijin a kanta har gari ya waye. Har yau ina jin nauyin kuɗin firizar nan, kuma tun daga ranar ba na rubuta shawara ko ɗaya sai lissafina ya zo kusa da na mita. Idan tazarar ta wuce kashi 10 cikin 100, komawa nake yi in sake nema.

Firji da firiza ma suna ruɗin sababbin shiga ta wata fuskar. Idan ka ninka wat 150 da awa 24 za ka samu yunit 3.6, alhali kwamfuresa tana tashi ne tana hutawa. Sai dai a unguwar da ake ɗauke wuta na tsawon awowi, idan aka dawo da ita injin kusan ba ya hutawa sai ya maido da sanyin da ya tafi. Saboda haka ka jona mitar soket ka bar ta kwana guda, gobe ka dawo ka karanta. Ka kuma saka takarda a bakin ƙofar firji ka rufe, idan ta zare ba tare da ka ja da ƙarfi ba, robar ƙofar ta mutu. Wajen mitar maƙalawa, waya ɗaya ake rungumowa, idan ka haɗa biyu sifili za ka gani. Kada kuma ka ɗauka cewa bolt 230 ke shigowa don haka aka rubuta a littafi, ka auna, domin da yamma wuta kan yi rauni. Wanda bai koyi aikin lantarki ba kada ya cire murfin akwatin bireka, ya tafi da ma'aikacin da ya iya.

Bayan na'urori sai ginin kansa. Da misalin ƙarfe uku na rana ka auna zafin silin da na bangon yamma, ka kwatanta da ɗakin da ke samun inuwar bishiya ko baranda. Kwanon rufi marar abin tare zafi a ƙarƙashinsa shi ke sa na'urar sanyaya ɗaki ta yini tana aiki ba hutu. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta tanadi sanya abin tare zafi a rufi, da taƙaita faɗin tagogi, da yi musu inuwa, kuma yana da kyau ka karanta ta. Ka ciro matatar iskar na'urar sanyaya ɗakin ka nuna wa maigida ƙurar hunturu da ta toshe ta.

Rahoto kada ya wuce shafi biyu. Ka fara da abin da ba ya buƙatar ko sisi: dafa ruwan wanka sau ɗaya a zuba a fulas, haɗa guga rana ɗaya, rage kayan da ke kan inbata, wanke matata. Sai mai ɗan kuɗi, kamar makunni mai kashe sumo idan tanki ya cika, da robar firji, da ƙwan LED. Ƙwai 10 masu wat 60 a awa 6 suna shan yunit 3.6, masu wat 9 kuma 0.54. Sayen sabuwar na'ura ko sola shi ne na ƙarshe, kuma a ra'ayina mai bincike bai kamata ya zama shi ne mai sayar da kayan ba. Ka rubuta ragowar yunit da ke kan mita a ranar da ka miƙa rahoton, ka sa maigida ya ajiye duk rasit ɗin da ya biyo baya, sannan ka koma bayan kwana 30 ku karanta mitar tare.