Yadda Ake Raba Gaɓoɓin Kalmomin Ilimin Duwatsu na Turanci

Akasarin waɗannan kalmomi haɗin saiwoyin Girkanci ne, don haka fara da neman mahaɗarsu. Lithosphere saiwa biyu ce, litho da sphere. Gaɓoɓinta uku, LITH-o-sphere, nauyin murya na kan ta farko.

Ƙarshen kalma kan nuna inda za a danna. In ta ƙare da -ic, danna gaɓar da ta zo kafinsa: met-a-MOR-phic. In -logy ko -graphy ne, nauyin yakan koma kan wasalin mahaɗa: pe-TROL-o-gy, stra-TIG-ra-phy.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne cusa wasali tsakanin baƙaƙe, a ce "sitira" maimakon stra na farkon stratigraphy, gaɓa ɗaya ta zama uku. Ja s ɗin, ka zarce kan tr ba tsayawa. Ph kuwa, f ake furta shi.