Idan Katafaren Kanti Ya Sauka Kusa da Shagonka

Ranar da ka ji an ce wani ƙaton kanti mai karya farashi zai buɗe a kusa da kai, kada ka taɓa farashin kayanka tukuna. Na san hannunka zai yi ƙaiƙayi, don kowa zai zo yana ce maka ai can ya fi araha. Ka yi haƙuri. Su tirela suke ɗaukowa daga bakin kamfani, kai kuwa katan biyar kake sarowa a kasuwar Singa, bayan dila ya ci nasa, mai kura ya ci nasa. Akwai ma kayan da da gangan suke sayarwa ba riba, kamar burodi da lemo, don su jawo mutum ciki ya cika kwando da wasu abubuwan. In ka bi su a wannan hanya, uwar kuɗinka za ka cinye, su ko a jikinsu.

Ni mai tireda ne a wata unguwa da ba ta da nisa da titin Zoo Road a Kano. Ina nan aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014, da Shoprite da Game a ciki. Mutane da yawa ba su san cewa Game ɗin nan na kamfanin Massmart ne na Afirka ta Kudu ba, wanda Walmart ta Amurka ta sayi fiye da rabinsa a 2011. Wato kantin da Sam Walton ya fara a garin Rogers na jihar Arkansas a 1962, wanda ya rufe wa dubban ƙananan shaguna kasuwa a can, sai da ya leƙo har Kano ta bayan gida. Shi ya sa na damu da bin labarin abin da ya faru da 'yan tireda na can.

Ka fara da zuwa da ƙafarka. Ka shiga kamar kowane mai sayayya, ka duba kaya ashirin ɗin da suka fi fita a shagonka, ka rubuta kuɗinsu a waya. In ka dawo ka kasa su uku: waɗanda suka fi ka araha sosai, waɗanda kuke kusan ɗaya, da waɗanda babu su a can sam. Kaso na farko ka rage saro su, ka ajiye kaɗan don kada kwastoma ya tambaya a ce babu. Kuɗin da ka cire daga nan ka zuba a kaso na uku: daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, garin yaji, man shanu, gero da dawa na awo, turaren wuta, gawayi in kana da wurin ajiya. Wani malamin tattalin arziki a jami'ar jihar Iowa, Kenneth Stone, ya shafe shekaru yana bin cinikin garuruwan da Walmart ta shiga. Abin da ya gano shi ne, masu sayar da irin kayan da kantin yake sayarwa cinikinsu ya faɗi, masu sayar da abin da ba ya sayarwa kuwa nasu ƙaruwa ya yi, saboda jama'ar da kantin ya jawo garin. Waɗanda suka fi shan wuya su ne ƙananan garuruwan da ke kewaye, inda wasu suka rasa har kashi 47 cikin 100 na cinikinsu a shekara goma. Saboda haka ɗan'uwa na Kura ko Gezawa, kada ka ce wannan maganar ta 'yan birni ce.

Sai awo. Nan ne ƙarfinka yake, kuma nan ne na ga wasu suna sakaci. Yarinya ce za ta zo da safe, hijabi har ƙasa, ta miƙo kuɗi a dunƙule ta ce Umma ta ce a ba ta sikari ƙulli ɗaya, magi biyu, man gyaɗa rabin kwalba, in da canji a sa madarar leda. Babu katafaren kantin da zai yi mata wannan. Can sai dai ta ɗauki galan ko kwali guda, ta biya kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, ta bi layi a gaban mai karɓar kuɗi. Yawancin mutanenmu kullum ake nema kullum ake ci, kuma mai irin wannan rayuwa naka ne in ba kai ka kore shi ba. To ka gyara mudunka. Kada a ce gwangwaninka bugagge ne. Ka ƙulla kayanka da dare a leda mai tsabta, ka rufe buhun gari, ka share kanta. Abu ɗaya da kantin nan ya koya wa mutane shi ne ganin kaya a tsare da farashi a rubuce, kuma ba laifi ba ne ka kwaikwayi wannan. Ka samu kwali ka rubuta kuɗin shinkafa da taliya da mai ka liƙa. Ka buɗe bayan sallar asuba, lokacin da masu shayi da masu ƙosai ke neman kaya, ka kai bayan isha'i. In ba ka karɓar tiransifa, yau ka fara.

Bashi kuwa wuƙa ce mai kaifi biyu. Shi ne abin da ke riƙe maka ma'aikacin gwamnati daga ashirin ga wata zuwa ranar albashi, shi ne kuma ya rufe shagunan da na sani fiye da yadda kowane kanti ya rufe. Abin da ke faruwa shi ne, mutum in yana da kuɗi a hannu ya ɗauki iyali a tafi kantin sanyi a yi hoto, in aljihu ya bushe ya dawo wurinka ya ce Alhaji a rubuta. Ka rubuta ɗin, amma da ƙa'ida. Kowa da shafinsa, da iyakar da ba zai wuce ba, da ranar biya. Wanda bai cika na watan jiya ba, ba a buɗe masa sabo, ko da limamin unguwa ne, sai dai ka ba shi kyauta ka san sadaka ka yi. Kada ka ba yaro kaya bashi da sunan babansa sai uban ya faɗa maka da bakinsa. Masu jin nauyin rubutawa su tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Wurin sari, ku haɗa kai. Ku huɗu ko biyar na layi ɗaya ku tara kuɗi ku ɗauki kaya a dunƙule, mota ɗaya ta kawo. Ragin da za a yi muku a katan ɗari ba ɗaya yake da na katan goma ba. Ku sa wanda kuka fi yarda da shi ya riƙe lissafi, ku riƙa duba rasit tare.

Yanzu maganar yaran shago, wadda 'yan kasuwa ba sa son a taɓa. Yaronka zai so ya tafi. Ga riga iri ɗaya, ga sanyi, ga albashin wata, kai kuwa kuɗin abinci kake ba shi da alkawarin sallama wadda ba ta da rana. Kada ka yi fushi da shi. In kana son ya zauna, ka yanka masa abin da zai riƙa samu a wata, ka sa ranar sallama a gaban iyayensa da shaidu. In kuma ya dage, ka sa masa albarka, ka ce ya yi tambayoyi kafin ya sa hannu. Wa ya ɗauke shi, kantin ne ko wani kamfanin kwangila da ke kawo musu ma'aikata? Akwai takardar ɗaukar aiki? Awa nawa zai tsaya a rana, kuma in kuɗi ko kaya suka yi gibi, daga albashinsa za a cire? Ana zuba masa fansho? Ya sani cewa tun 2024 mafi ƙarancin albashi a doka naira 70,000 ne, kuma dokar ta hau kan duk mai ma'aikata 25 zuwa sama.

Ni dai ba na ruɗuwa idan aka ce kanti ya kawo aikin yi. Binciken da David Neumark da abokan aikinsa suka fitar a 2008 ya nuna cewa duk ma'aikaci ɗaya da Walmart ta ɗauka, kusan mutum 1.4 ne suka rasa aikin shago a yankin. A 2020 ofishin binciken gwamnati na majalisar Amurka ya tarar da sunan kamfanin a sahun gaba cikin waɗanda ma'aikatansu ke karɓar tallafin abinci na gwamnati, a jihohin da aka duba. A garin Jonquière na Kanada ma'aikatan Walmart sun kafa ƙungiya a 2004, kamfanin ya rufe kantin a 2005, sai a 2014 kotun ƙoli ta ce rufewar ta saɓa wa dokar ƙwadago. Arahar gaskiya ce, talaka kuma yana amfana da ita, ba zan musa ba. Amma wani ne ke biyan cikon, kuma sau da yawa mai tsayuwa a bayan kanta ne.

In sun nemi ka riƙa kawo musu kaya, ƙwai ko zuma ko kayan miya, ka tambayi ranar biya kafin ka tambayi yawan kaya. Manyan kantuna ba sa biya hannu da hannu, sai bayan makonni, jarinka yana kwance a kantarsu. Kada ka ba su fiye da abin da za ka iya jira, kada kuma ka saki tsofaffin kwastomominka saboda su.

Ka kuma sa a ranka cewa suna iya tashi. A Janairun 2016 Walmart ta sanar da rufe kantuna 269, 154 daga ciki a Amurka, wasu a garuruwan da tun tuni masu ƙananan shaguna suka nannaɗe tabarma, aka bar mutane ba wurin sayen abinci kusa. A nan gida, Shoprite ta Afirka ta Kudu ta sayar da harkarta ta Najeriya ga 'yan ƙasa a 2021, reshen Kano kuma ya rufe a Janairun 2024. Kuɗin dizal da haya da faɗuwar naira sun fi ƙarfin ginin da sai an kunna sanyi wuni guda. Sai dai salon yana canzawa. A Legas kantunan Bokku, ƙanana masu araha, sun bazu cikin unguwanni tun 2022, kuma irin waɗannan sun fi ba ni tsoro fiye da ƙaton gini, don har lungu suke shiga. Saboda haka in wani ya ce ka kama shago a bakin ƙofar sabon kanti don ka ci albarkacin jama'a, ka kama, amma hayar shekara ɗaya kawai za ka biya, kuma kada ka saki tsohon shagonka na cikin unguwa.