Kurakuran masu jirgin ruwa a Madarumfa da bakin Gulbi, da yadda za a gyara

Mutanen Maraɗi mun ɗauka dokar jirgin ruwa ta mutanen Yamai da Gaya ce, masu babban kogi. Daga nan sauran kurakuran suke tsirowa. A watan Nuwamba na 2021 kwale-kwale ya kife a Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibi ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ba a kogi ba ne, a ruwan madatsa ne, kwantacce kamar tafkinmu na Madarumfa.

Lodi ya fi komai kisa. Mai jirgi yana ƙirga kawuna, ya manta buhun gero da babur da ragon da aka ɗora. Sai ka ji ana "Malam, matsa kaɗan, mutum ɗaya ne ya rage", alhali ruwa ya kusa taɓa bakin jirgi. Gyaran ba ya cin kuɗi: a ja layin fenti a jikin jirgin, da tazara mai kyau ƙasa da baki, in ruwa ya kai layin an rufe lodi, ko surukinka ne ya zo. Kaya masu nauyi a tsakiya, a ƙasa, kowa kuma a zaune. Fasinjan da ya ga an wuce layi ya sauka ya jira sawu na biyu. Kunyar sauka ba ta kai zaman makoki ba.

Sai rigar ruwa, wato wadda ke hana mutum nutsewa. Wasu suna da ita, amma ta zama matashin zama. In ba a sa ta an ɗaure igiyoyinta ba, tana sulluɓewa ta kai da zarar mutum ya faɗa, ta manya kuwa ba ta riƙe yaro. "Ai na iya ruwa" ba hujja ba ce, domin wanda bai iya ba shi zai riƙe ka ku nutse tare. Inda rigar ba ta samu ba, jarkar da babu komai ciki, a toshe da kyau, ta fi babu, amma ba ta maye gurbinta.

Akwai kuma ruɗani kan takarda. Izinin kamun kifi da ake karɓa wajen ma'aikatan ruwa da gandun daji na kifi ne. Bai shaida cewa katakon jirginka zai ɗauki mutane ba. Mai son jigila ya fara zuwa ma'aikatar magajin gari, ya kuma sanar da sarkin ruwa. Masu kai kaya Najeriya su sani can NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasar, ce ke rajistar jirage, kuma ta hana tafiyar dare.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, shi ya sa yakan cika ko ɗigo bai sauka a nan ba. Ruwan da ya yi ja yana ɗauke da itace, a dakata masa. Haka in hadari ya haɗo ko magariba ta yi.

In jirgin katako ya kife, kada a sake shi a nufi gaɓa, galibi yana nan yana yawo a sama. A riƙe shi, na tudu su kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, su miƙa gora ko igiya maimakon su faɗa ruwan.